Wanda ya sayi gidan Inna

Jama'a, yau na ga wanda ya sayi gidan Inna na Yelwa!

Bayan rasuwarta na ba wani dillali gidan ya sayar mana. Wata biyar yana ce mini babu mai tayawa, wai ruwa na cin unguwar da damina. Daga baya ya ce ya samo wata bazawara mai marayu, in yi mata rangwame don Allah. Na sa hannu, ko ganinta ban yi ba.

Ɗazu na biya in ɗauko turmin Inna da muka manta. Na yi sallama. Wa zai fito? Dillalin! Da singileti, yana asuwaki!

Na ce, "Alhaji, me kake yi nan?"

Ya ce, "A'a, Malam Sani, ai gidana ne."

Na ce, "To ina bazawarar?"

Ko kunya babu ya ce, "Ƙanwata ce, sunanta na ara. Gani na yi kana cikin matsi, na rufa maka asiri."

Wallahi, kuma fa la'adarsa cas na biya shi, har da godiya!