Kabarin Da Na Nuna Wa Kakana

Lokacin da abin nan ya faru ni mahauci ne a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, ina da teburin nama, ina da mata da 'ya'ya, kuma a gidanmu na Adjamé Liberté kowa ya san ni ne ɗan gaban goshin Tsoho. Tsoho shi ne kakana, mahaifin babana. Tun da ƙafafunsa suka yi rauni ni ke yi masa aski, ni ke riƙe hannunsa zuwa masallacin Juma'a, ni ke ware masa hanta mai laushi saboda haƙoransa sun zube. Ban taɓa jin nauyin hidimarsa ba, amma in faɗi gaskiya, ina son a gani, a kuma faɗa.

Tsoho yana da wani tabo a zuciya. Mahaifinsa ya baro ƙauyensu a Nijar da shanun fatauci tun Tsoho yana goye, bai sake komawa ba. Daga baya labari ya iso cewa ya rasu a Abidjan, shi ke nan. Neman kabarin ne ya kawo Tsoho garin nan yana saurayi. Bai samu ba, sai ya kama fawa ya zauna. Iyakar abin da ya sani game da mahaifinsa shi ne abin da uwarsa ta gaya masa, cewa dogo ne, kuma wani sa ya taɓa yage masa kunnen hagu da ƙaho.

Ana nan sai ɗan ƙanin babana, yaron da ya tashi a unguwar Treichville ya yi boko mai zurfi, ya tsiri binciken tarihin danginmu. Na girme shi, kuma Hausarsa a karye take, rabinta Faransanci. Duk Lahadi sai ya zo ya zauna a gaban Tsoho ya kunna waya yana ɗaukar muryarsa. Tsohon da ni ba ya ce mini komai sai "miƙo buta", shi ne zai wuni yana ba yaron nan labari, yana gyara masa Hausa yana dariya har da hawaye. Wata rana na shigo da romo a kwano sai na ji Tsoho yana gaya wa baffanninmu cewa in akwai wanda zai gano masa kabarin babansa kafin ya mutu, to wannan ɗan'uwan nawa ne. Na ajiye kwanon na fita. Shekara da shekaru ina wanke masa ƙafa, wani ya zo da waya ya kwashe ladan. Abin da zuciyata ta riƙa raya mini ke nan, ina sara nama ina jin kamar shi nake sara.

Abin da na aikata ko yanzu da nake rubutawa kunya nake ji. Na je maƙabartar da ke kusa da mu, na shiga tsohon ɓangarenta, na zaɓi wani kabari da ya lotsa, ba alamar komai a kansa. Na dawo na ce wani tsohon dillalin shanu ne ya nuna mini kafin ya koma Nijar. Ranar Juma'a muka ɗauki Tsoho a tasi. Da muka isa ya tuɓe takalmansa, ya zauna dirshan a ƙasa, ya dafa kabarin da tafin hannunsa.

"Baba, ga ni na zo," in ji shi. "Na yi latti, ka yafe mini."

Ya yi kuka kamar yaro, sannan ya kama kaina ya sa mini albarkar da ban taɓa jin irinta ba. Aka yi sadaka, mata suka riƙa yi mini kirari. Ɗan'uwan nawa ya rungume ni da murna ta gaskiya, ya roƙi in faɗa masa sunan dillalin don ya sa a tarihin. Na daka masa tsawa na ce ba komai ake sa wa a waya ba. Abin mamaki, ko a ranar ban ji sanyi ba. Murnarsa ma haushi ta ba ni, don na so in ga ya ji zafin da na ji.

Bayan 'yan watanni ya same ni a teburina, ya jira masu saye suka ragu. Ashe bai daina bincike ba. A kasuwar Treichville aka haɗa shi da wata tsohuwa da ta daɗe tana sayar da atamfa, 'yar wani mai masaukin fatake. Ta tuna baƙon babanta mai yagaggen kunne, wanda zazzaɓi ya kashe a zaurensu tana yarinya. Babanta ne ya binne shi, da shi ma ya rasu aka sa shi a gefensa, kuma har yau jikokinsa suna ziyartar wurin, a wata tsohuwar maƙabarta can ƙetaren ruwa.

"Yaya, ban gaya wa kowa ba," ya ce da ni a hankali. "Kai za ka gaya masa. Ka ce dillalin ne ya yi kuskure. Ka ce tare muka gano."

Ya buɗe mini ƙofa, ni kuwa na rufe ta da hannuna. Na ce masa don an yabe ni sau ɗaya shi ne ya kasa barci, hassada ce ke cinsa. Ciwona na ɗora masa. Ya ce zai jira ni, ya tafi.

Na riƙa ce wa kaina gobe, sai jibi, sai bayan Layya in aiki ya lafa. A tsakanin nan Tsoho ya tara 'ya'yansa ya bar wasiyya cewa in ya mutu a sa shi kusa da babansa gwargwadon iko. Ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai na bar shi ya kammala wasiyyar. Kwanaki kaɗan bayan Sallah ya cika. Aka cika masa wasiyya, aka sa shi kusa da mutumin da ba mu san ko wane ne ba. Ni da ɗan'uwan nawa muka karɓe shi a bakin kabari. Bai kalle ni ba.

Bayan zaman makoki na tambaye shi abin da ya hana shi tona ni. Ya ce ya ji tsoron Tsoho ya rasa kabari ya rasa jika a rana ɗaya, kuma shi ma yanzu yana nadamar shirunsa. Shi ya kai ni kabarin gaskiya. Daga can na wuce na faɗa wa babana komai. Bai zage ni ba, amma har yau ba ya kallona kamar da. Wani malami ya ce mini ƙasa duk ta Allah ce, addu'a kuma ba ta ɓata hanya. Na yarda. Sai dai hakan bai sauke mini sanin cewa mutum ya ƙare rayuwarsa yana neman wuri guda, an gano wurin yana da rai, shiga motar haya sau ɗaya ce tsakaninsa da shi, ni na tare hanya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke sarai ba. Har yanzu in na ji ana yabon ɗan'uwan nawa wani abu yakan motsa a ƙirjina, sai dai yanzu na san sunansa, nakan yi ta'awwuzi. Ku da ke hidimar tsofaffinku, ku bincika zukatanku, don Allah kuke yi ko don a ce ku ne? Idan wani a dangi ya zo da alherin da ba ku da shi, ku matsa masa ya zauna. Ni na ɗauka ɗan'uwana nake yaƙa, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Wanda na cuta shi ne tsohon da na fi so a duniya, kuma ya tafi yana sa mini albarka.