Fannami da Baturen da Ya Ƙi Korarsa

Taubashina Fannami, ɗan Gwaggo Umma, ko alif bai sani ba, amma duk dilar fatar da ta bar Haɗeja zuwa tashar jirgi ta Malam Madori da hannunsa a jikinta. Aikinsa a kantin fatu shi ne ya buɗe gwangwanin kananzir, ya huda shi da ƙusa ya fitar da lamba, ya ɗora kan dila ya goga baƙin fenti. Cin rani kawai ya zo. Gonarsu ta shinkafa tana fadamar garin Baturiya, kuma Bulama, mai garin, ya riga ya faɗa: in ruwa ya zo ba a shuka ba, wani zai ba.

Tsautsayi ya sa wata rana ya goge ragowar fentin gwangwanayensa a jikin tsohon buhu. Baturen kantin, wanda muke kira Mai Lofe, ya gani ya ƙame. Ya kafa buhun a bangon ɗakinsa, ya ce a ƙaro. Kafin bazara bangon ya cika, ƙadangare ma sai ya nemi izini kafin ya ajiye ƙafa.

Fannami ya nemi sallama, aka hana. Ya sulale, ɗan doka ya kamo shi a bakin kogi, ƙafa ɗaya cikin kwalekwale.

Na ce masa, "Bawana, ɓata aikin mana! Wa zai riƙe ma'aikacin banza?"

Ya ce, "Kai da elementare ta tofar, kai ne mai ba ni shawara?"

Amma ya bi. Ya huda a karkace, ya kifa wannan kan wancan, ya kwarara ja a kan baƙi. Wallahi abin ya fito kamar kaji sun yi dambe a cikin tukunyar baba. Mai Lofe ya cire lofe, idonsa ya kawo ruwa. Ya kirawo 'yan'uwansa daga Kano, suka rarraba buhunan, suka ɗauki hoton Fannami, aka ba shi ɗaki mai ƙofar katako, da mai gadi a bakinta.

Ruwa ya zo. Ni na kai masa labari cewa Bulama ya ba wani manomi, Hamman, gonar. Na tanadi tsiya cike da baki, amma bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Ta wajen tsamiya ruwa ke fara shiga. Ka gaya wa Hamman ya ɗaga kunya a nan."

Sannan ya ce in miƙo masa ƙusa.