Kwaɗon Gwaggo Asabe

Ni ban yi boko ba, ban riƙe kwanan wata ba, amma ranar da soja suka miƙa mulki a 1999 ba ta ɓace mini. Asabar ce, an kwana ana ruwa a Agege, duk mutanen gidan hayarmu sun taru a ƙofar ɗakin wani tela suna kallon talabijin. Ni kuwa cikina ya murɗa, na ruga bayan gida ina dafe da bango, sai na tarar da sabon kwaɗo yana reto a ƙofar salga. Na ja, na jijjiga, na kira Inna. Kafin ta iso abin da nake gudu ya faru, jini da majina har dugadugaina, a gaban yaran gidan kaf. Can ana tafi wai an sami 'yanci.

Gwaggo Asabe, matar mai kula da gidan, ita ta sa kwaɗon, makullin yana ƙulle a bakin zaninta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Atinin da ba ya ƙarewa ai annoba ce. Ta nemi bakin layin dogo, ba za ta shafa wa 'ya'yanmu ba."

Shekarata goma sha uku a lokacin, ciwon kuma ya daɗe yana cina. Jini yana zuba kaɗan-kaɗan har tafin hannuna ya koma kamar garin rogo. Gugan rijiya da nake ja da hannu ɗaya ya gagare ni da biyu. In na share ƙofar ɗakinmu sai na zauna ina haki, kunnuwana suna kiɗa. Na riƙa ɓantarar ƙasar bango ina ci a ɓoye, ina gurgurar ƙanƙarar mai sayar da zoɓo. Da ni ce mai ba da waƙa a gaɗa, ni ce gwanar carafke. Yanzu in 'yan mata sun yi da'ira, daga bakin ƙofa nake kallo. 'Ya'yan Asabe suka raɗa mini Fatalwa, sunan ya bi ni har makarantar allo. Bayan kwaɗon nan, fo ɗin jarirai aka ajiye mini a bayan labule, ina budurwa.

Baba mahauci ne a kwata. Ya ɗauke ni a motar haya ta danfo zuwa wani asibiti a Ikeja, likita ya yi bayani da Yarbanci, Baba yana juya wa Inna: gyambo ne a babban hanji, ba a ɗaukarsa daga kowa, kuma zubar jinin ta ƙarar da ƙarfen da ke jikina. Inna ta ce, "Ƙarfi dai?" Baba ya ce, "Ƙarfe ya ce." Muka kamo hanyar gida.

Muna shiga Inna ta miƙa wa Baba gatarinsa na sarar ƙashi. Sara ɗaya kwaɗon ya faɗi. Inna ta ɗauka ta wanke, ta jawo murhu har ƙofar ɗakin Asabe, ta jefa shi a tukunya, tana fifita wuta tana cewa, "Likita ya ce ƙarfe 'yata take nema, ga shi kuwa maƙwabciya ta saya mana." Na shanye ruwan nan mai ɗanɗanon tsatsa, idona cikin na Asabe, ban ƙifta ba.

Kada wani ya gwada; ma'aikaciyar asibiti ta yi wa Inna faɗa sosai da ta ji, ba irin wannan ƙarfen ake nufi ba. Abin da ya tashe ni shi ne maganin hanji, da wani ruwa mai launin ƙasa da aka ƙara mini ta jijiya bayan ƙwayoyin ƙarin jini sun tayar mini da ciki, da hantar da Baba yake kawowa a ganye. Ranar da na iya jan guga, ranar na koma gaɗa. Na ja 'yan mata har bakin tagar Asabe na ba da waƙa: "Mai kwaɗo ina makullinki, Fatalwa ta tashi." Har 'ya'yanta suna amshi.

Da za su koma Arewa, Gwaggo Asabe ta bi ɗaki-ɗaki neman gafara. Baba ya yafe, Inna ta yafe. Ta ce, "Ke fa, 'yata?" Na ce zan yi tunani.

Ciwon bai rabu da ni ba, yakan kwanta ya tashi, amma yanzu na san alamarsa tun daga farin ido. Yau ban ɗakina yana cikin ɗakina, kuma na hana kafinta ya sa masa maratayar kwaɗo. In na ga jikata tana tsalle a tsakar gida, sai in tuna damunan da aka yi gaɗa babu ni, waɗanda ba mai dawo mini da su. Kwaɗon yana nan a ƙasan akwatina. Har yau tunanin nake yi.