Hannun Baba

A Small Heath, unguwarmu a Birmingham, ƙarar bas ce ke tashe ni. A garinmu, can yammacin Afirka ta Tsakiya, zugazugin Baba ne. Ran Talatar nan ma shi ya tashe ni. Inna na dama koko. Baba na tsugune a maƙerarsa ta zaure, yana yi mini tsiya wai malamar makaranta guda, amma kaji sun riga ta tashi.

Baba maƙerin zobba da awarwaro ne. Garinmu na masu haƙar lu'ulu'u ne. Da yaƙi ya zo, ƙasashen duniya suka sa takunkumi: ba a sayen lu'ulu'unmu, ba a sayar wa masu faɗa makamai. Dutse bai daina fita ba, bindiga ba ta daina shigowa ba. Hanya kawai suka canja. Abin da ya daina zuwa shi ne tagulla. Sai Baba ya koma narka kwanson harsashi. Bayan kowace arangama, mata masu shara su tara, su kawo masa a kwano.

Kwanon nan ne ya jawo mana baƙi. Watanni kafin Talatar, wata farar mota ta tsaya a ƙofarmu. Masu sa ido kan takunkumin ne, mace da namiji da tafinta. Baba ya shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Suka ce a gindin kowane kwanso akwai 'yan lambobi, da su ake bin sawun harsashi har zuwa wanda ya sayar. Suka nemi ɗaukar hoto. Baba kuwa ko a biki ba ya tsayawa gaban kyamara. Ya ɗebo kwanso cike da tafinsa, ya miƙa.

"Ku ɗauki hannu," ya ce. "Fuskar ta uwargida ce."

Matar ta yi dariya. Ta ce hakan ma ya fi, babu wanda zai gane shi.

Su ba su san garin ba. Mu da muka sani, ba mu yi tunani ba. Ƙaramin yatsan Baba na dama guntu ne, narkakkiyar tagulla ta cinye rabinsa tun yana saurayi. Hannun nan ya auna wuyan hannun kusan kowace mace a garin.

Rahotonsu ya fito. Aka kama motar wani dillalin makamai a kan iyaka. Harsasai suka yanke wa kwamandan da ke riƙe da ramukan haƙa. Hoton ya shiga wayoyi. Mu ba mu gan shi ba.

Ran Talatar da hantsi kasuwa ta yi tsit. Shirun na fara ji. Sannan babura. Sannan harbi ɗaya, wajen mahauta. Maƙwabciyarmu ta ɗago kai ta saman darni.

"Ku fita! Mai guntun yatsa suke nema!"

Baba ya zuba ruwa a wutar maƙera. Wannan kaɗai ya tsaya ya yi. Muka fita ta baya, muka bi gonar rogo. Inna ta bar kokon a kan murhu. Muna cikin rogon muka ji an ɓalle ƙofar zaure. Muka ji kwanon ya faɗi, kwanso na ta gangarawa a kan daɓe. Da na waiwaya, hayaƙi ya tashi.

Rana ta take muka fito babbar hanya. Wata motar katako na ɗibar masu gudu zuwa iyakar Kamaru. Muka hau. Baba ya cusa hannun dama cikin aljihun riga. Inna ta zauna a gefen damansa, ta yafa masa gefen mayafinta. Wani jariri na kuka, uwar na toshe masa baki da nono.

Bayan azahar direba ya rage gudu. Daga kan tudu muka hango shinge: gangunan mai, da igiya, da mutanen kwamandan riƙe da bindigogi. Wata mota na tsaye. An jera fasinjojinta a rana, kowa ya miƙa hannu biyu.

Baba ya gani. Ya zare mayafin Inna daga jikinsa a hankali. Ya tashi, ya tsallake mutane, ya koma can ƙarshen motar, ya zauna cikin baƙi. Inna ta yunƙura. Ya girgiza mata kai sau ɗaya.

"Kowa ƙasa! Maza nan, mata can!"

Muka sauka. Kwalta na ƙona tafin ƙafa.

"Hannuwa!"

Waɗannan ba 'yan garinmu ba ne, ba su san fuskar kowa ba. Wani dogo na bin layin maza da waya a hannu. Ya dubi wayar, ya dubi hannu, ya wuce. Akwai zoben tagulla a yatsansa. Na san zanen. Aikin Baba ne.

Ya iso ƙarshen layi. Baba ya fito da hannun da kansa.

"Kai! Nan!"

Baba ya bi shi bayan gangunan.

"Iyalinsa fa? Wa ya zo da shi?" in ji wani mai bindiga.

Babu wanda ya ce uffan. Matan garinmu na tsaye, awarwaronsa a hannunsu. Inna ta damƙe wuyan hannuna har sai da awarwarona ya shige mini cikin fata. Ba ta yi kuka ba. Ba ta dubi wajen gangunan ba.

"Ku hau! Ku tafi!"

Injin motar na da ƙara. Na kasa kunne duk da haka. Ban ji harbi ba. Ban kuma ce ba a yi ba. Rana na faɗuwa muka tsallaka iyaka.

Inna na Kamaru har yau. Ni aure ya kawo ni Birmingham. Bara wani abokin mijina, Bashir, da ke nazarin takunkumi a jami'a, ya gayyace mu lakcarsa a Manchester. Na zauna a baya da 'yata Maryam a cinya. Ana tsakiyar bayani hoton ya fito a bango, ya fi ƙofar ɗaki girma. Tafin hannu, kwanso, da bakin tabarmarmu.

Da aka tashi Bashir ya zo. "Hajiya, lafiya? Ko lakcar ce ta yi boring?"

Na ce ya turo mini hoton nan.

Na wanke biyu. Ɗaya na aika wa Inna, ɗaya na rataye a falo. Gidanmu na can ya ƙone da komai, ba mu da wani hotonsa. Maryam na koyon ƙidaya. Takan hau kujera ta ƙirga yatsun, ta tsaya a na ƙarshe, ta juyo ta dube ni.

A ƙasan hoton an rubuta: wani mazaunin garin. Sunansa Malam Ɗanjuma.