Tukunyar Sandal da Na Ƙona

Mu bakwai ne a kamfanin turaren wuta na Hajja a unguwar Hausari, in dai za a kira tsakar gida da murhu uku kamfani. Da aikin nan nake riƙe da kaina da mahaifiyata, ba mu da wani. Amma albashin wata take ba mu, ɗan mitsitsi, mu ma muna yi mata aiki daidai kuɗinta. Wallahi har gyangyaɗi nake a bakin murhu, ko kunya babu.

Sai bukukuwan kafin azumi suka taso, oda ta yi wa Hajja yawa. Ta tara mu ta ce daga yau kowace kwalba da kuɗinta. Wayyo daɗi! Wadda kullum take kukan ciwon baya ita ta fara rarumar taɓarya. Muna daka muna waƙa, Kanuri da Hausa duk a cakuɗe, muna yi wa juna tsiya: "Ke, ashe kina da hannu?" Mako guda na yi sabuwar atamfa, na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku ni kaɗai har unguwar Bulabulin, ina ɗaga wa mutane hannu kamar matar gwamna.

To, ni ce a kan wuta, turaren wuta kuwa ba ya son gaggawa. Sai sukari ya narke a hankali ya kama itacen ƙamshin, sannan a zuba turare. Masu cika kwalba suka dame ni da ihu: "Yi sauri mana, kina tare mana abinci!" Raina ya ɓaci, na tula gawayi na kama fifita. Kafin in ankara sukari ya yi baƙi ƙirin, tukunya guda ta itacen sandal mai tsada ta tashi a banza. Na ce yau kam kora ce.

Hajja ta zo ta leƙa tukunyar. Na durƙusa a gabanta.

"Tashi, 'yata," ta ce. "Laifina ne da na haɗa mai wuta da lissafin kwalba. Daga gobe kuɗin yini za ki karɓa, mai kauri, ki zauna ki juya a hankali. Duk wadda ta yi miki ihu, turo min ita."

Sai na ƙara zubewa ƙasa. Na riƙe mata ƙafa ina kuka ina dariya, hannuna duk baƙin sukari, ita kuma tana ta faɗa in sakar mata lafaya kada in ɓata ta.