Kuskure Bakwai Da Na Ƙirga Wa Dada

Ƙarfe takwas da minti goma na dare ne, wata Laraba cikin sanyi. Na san lokacin daidai domin a makon aka ba ni agogon roba a makaranta, kyautar wadda ta zo ta ɗaya a Turanci, kuma ba na minti biyar ban kalle shi ba. Ina aji biyar na firamare a Darki. Mun yi sallar isha'i, an tura karan dawa a murhu, mu shida mun kewaye kakarmu, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Dada.

Dada Bafulatana ce. Sai da ta girma, tana tallar nono a kasuwar Wudil, sannan ta koyi Hausa, kuma har ta tsufa harshenta bai gama miƙewa ba. Takan ce wa mace "ya", ta ce wa namiji "ta". Babu wanda abin ya dama a gidanmu. In ta miƙe ƙafafu wajen wuta tana ɓare gyaɗa tana miƙa wa na kusa, har matan maƙwabta sukan shigo da sunan ɗibar wuta su ƙi tafiya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, "To, baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wurin zama?" Sai kowa ya gusa kaɗan a kan tabarma, mu bar wa tatsuniyar wani ɗan fili babu kowa.

Ni ba mai magana ba ce. A can ƙarshen tabarma nake zama da wani ƙaramin littafi a cinya. Malaminmu na Turanci ya nuna mana cewa a harshen nan akwai kalmomin da ba sa tafiya su kaɗai. Kalmar dubawa, in ka liƙa mata wata 'yar ƙarama, sai ta koma reno. Ka sauya 'yar ƙaramar, ta koma neman kalma a ƙamus. Ka sake sauyawa, ta zama raini. Ba su da dalili, haddace su ake yi. Duk wanda ya sa wadda ba ita ba, malam yakan ja layi a allo gaban sunansa, ranar Alhamis a ƙirga. Sunana ne kaɗai babu layi. Ina tara kalmomin nan bibbiyu a littafina, kuma a zuciyata na ɗauka ilimi ke nan: ka ji kuskure, ka ƙirga.

Tatsuniyar daren nan mun sha jin ta. Wata yarinya ce kogi ya ja mata maraƙi. Ta bi shi har ƙarƙashin ruwa, ta iske gari da sarkinsa. A ƙofar garin aka gaya mata cewa baƙo sau uku kawai yake magana a nan. Ta farko ta yi gaisuwa da ita. Ta biyu ta gode da ruwan da aka ba ta. Saura ɗaya. Ga maraƙinta ɗaure a gindin wata bishiya, ga sarki yana jira, amma ta ji tsoron kada ta faɗi roƙon a karkace ta rasa. Ta zauna tana shirya maganar a ranta. Kullum sai ta ga da sauran gyara. Maraƙi ya zama sa, ya tsufa, ya mutu a gindin bishiyar. Da ta fito bakin kogi kanta fari fat, magana ta uku tana bakinta. Mu yara abin da muka ɗauka shi ne kada a je wasa bakin ruwa.

A daren nan Dada ba ta kai ƙarshe ba. Tana cewa, "Sai yarinya ya zauna, ya riƙe bakinsa," na ji muryata ta fito, ni da ba na magana.

"Dada, ta zauna ake cewa. Mace ce. Sau bakwai ke nan yau."

Na ɗaga littafin na nuna layukan da na ja a bangonsa. Yayana Sani ya fara ƙyalƙyala dariya, sauran suka ɗauka, har da wata maƙwabciya da ta toshe baki da mayafi.

Dada ta dube ni, ta dubi littafin. "Bakwai, Mairama?"

"Bakwai."

"To, Malama. Allah ya ƙara sani." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta ce ƙafarta na ciwo, ta shiga ɗaki.

Har sanyin shekarar ya wuce ba ta sake zama da mu ba. Da ta dawo daga baya, gajerun tatsuniyoyi take yi, a hankali, tana tsayawa kafin kowace "ya" da "ta". Maƙwabta suka daina zuwa ɗibar wuta. Innarmu ta yi min faɗa a washegarin, na yi kuka, amma ban ba Dada haƙuri ba. Na yi ta shirya yadda zan faɗa, har abin ya tsufa.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta aikin gona. Littafin nan ya zama littattafai huɗu. A rubuce ba a kama ni da kuskure. Amma watan jiya, da na tashi gabatar da bincikena a kan ajiyar wake a gaban aji, sai 'yan ƙananan kalmomin nan suka watse min. Malamin ya tsayar da ni sau uku, ba da mugunta ba, shi ma mutum ne mai son daidai. A karo na huɗu wani daga baya ya riga shi gyarawa, aji ya ɗauki dariya. Na tsaya ina kallon takardata. Na san abin da ƙwari suka yi wa kowane buhu cikin wata shida, ni na auna da hannuna, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na koma na zauna.

Tun ranar ban sake magana a aji ba. Ranar Alhamis mai zuwa zan kare binciken a gaban malamai biyar, da baki, da Turanci. Na rubuta takardar neman a ɗage min zuwa baɗi, na gyara ta sau uku, na sa a jaka. A daren da na gama ta ne yarinyar ƙarƙashin ruwa ta faɗo min a rai. Shekara goma sha biyu ina ɗauka labarin kogi ne. Ban taɓa tambayar kaina ba me ya sa, cikin duk tatsuniyoyinta, wannan ce Dada ta fi maimaitawa, ita da ta shigo garin da ba a jin harshenta da ƙwarya a ka.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Darki. Na same ta da la'asar a ƙofar ɗakinta, idonta ya yi rauni, tana laluben tsakuwa a cikin farantin gero da yatsu.

"Wace ce? Malama ce? An ba ku hutu, ko korar ki aka yi?"

"Saura kaɗan, Dada."

Na zauna na karɓi farantin. Na ba ta labarin ajin, da dariyar, da takardar da ke jakata. Sai na ce abin da ban shirya ba, ya fito a hargitse, cewa na tuna daren nan, kuma ta yafe min. Na ce, "Da kika fara zuwa kasuwa ba kya jin Hausa, ba su yi miki dariya ba? Yaya kika yi?"

Ta yi 'yar dariya, ta laluba ta karɓe farantinta.

"Sun yi mana. Har wani mai kifi, in ta hango ni sai ta kira mutane su zo su ji. Amma nono ne a kaina, Mairama, in na yi shiru tsami zai yi. Su yi dariyar, su saya, ban taɓa komawa da ƙwarya cike ba. Naki ne ya yi min ciwo, don ke ba sayen komai kika zo ba, kyauta nake ba ki. Na yafe tun tuni. Su waɗannan na Alhamis, ai wake suka zo ji. Ki je ki gaya musu abin da ya ci waken."