Ruwan Da Kakana Bai Sha Ba

Ranar da kwalin ya iso gidan ɗana a McLeansville, nan ƙetaren teku, tun kafin a gama yage shi na san abin da ke ciki. Ƙanshin ne ya faɗa mini: turaren wuta da ya daɗe a adaka, da ɗan warin shuni. Rawani ne, da takarda daga fada. Ni ban yi boko ba, jikata ce ta karanta, tana tuntuɓe da Hausar. Wai sarkin ƙasarmu ya naɗa ubanta wakilinsa ga mutanenmu da ke wannan jiha. Suka hau murna da ɗaukar hoto. Ni kuwa na san nauyin abin da suke juyawa a hannu.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san wakili ba. Kuna tsammanin hakimi ne ko dagaci. A'a. Wakili ba ya yanke shari'a, ba shi da dogari ko ɗaya. Aikinsa ya tsaya inda ya kamata sarki ya tsaya amma nisa ya hana shi: gidan rasuwa, gidan suna, bakin sabuwar rijiya. A gundumarmu gidanmu ne ke riƙe da wannan. Kakan kakana ya fara, saboda kogin da ke tsakaninmu da birni yakan cika da damina ya raba mu da fada wata da watanni. Ɗansa ya gada, Turawa suka zo suka tarar da rawanin a zaurenmu. Kakana kuma ya ga tafiyarsu, rawanin na kansa.

Ƙa'idar ba ta da yawa, amma ba a wasa da ita. Idan wakili ya ɗaura rawani da saƙo a bakinsa, ba ya zama, ba ya shan ruwa, sai ya sauke saƙon. Ba ya ƙara kalma tasa, ba ya rage ta sarki. Manzon fada kuwa iyakarsa zaure. Ya ba wakili saƙo ya koma. Ranar da aka ji manzo ya faɗi saƙon sarki da bakinsa a ƙasarmu, to kowa ya san wakilci ya bar gidan da yake.

Ina da shekara bakwai ko takwas, gero ya fara fitar da kai, kogin ya ci autan kakana. Kwale-kwale ne ya kife da su suna dawowa daga cin kasuwa. Ba zan manta ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakar gidanmu ba, da tabarmin aro da aka shimfiɗa har bakin turke. Kakana ya zauna a zaure kwana uku, abinci sai dai a kawo a ɗauke.

Ranar sadakar uku da hantsi manzo ya iso, wandonsa jiƙe da laka har gwiwa. Sarki ya aiko da ta'aziyya. To wa zai kai? Wakilin shi ne uban mamaci. Dattawa suka ce masa, "Wakili, gidanka ne. Bar manzon nan ya faɗa kawai a wuce wurin, kowa ya san halin da kake ciki." Da tausayi suka faɗa, ban da mutum ɗaya. Akwai wani dattijo na unguwar gabas, gidansu sun daɗe suna hangen rawanin nan. Yana zaune cikin masu gaisuwa, yana jan carbi, yana jira.

Kakana ya ce, "Gidan mamaci sarki ya aiko wa, kuma ƙasar nan tana da wakili."

Ya tashi ya fita ta ƙofar baya. Liman ya ɗaura masa rawanin a masallaci. Bai yanke hanya ba. Ya zagaya ta bakin kasuwa kamar yadda yake yi wa kowane gida, rana ta fito bayan ruwa tana dukansa. Sannan ya zo ƙofar gidansa, gidan da aka binne cibiyarsa, ya tsaya ya yi sallama kamar baƙo, sai da aka ce ya shigo.

Ni ce ƴar lelensa, amaryarsa yake ce mini, kullum da wainar gero ko ɗan rake a aljihunsa saboda ni. Da na gan shi na ruga na riƙe rigarsa. Ko kallona bai yi ba. Na ji haushi ƙwarai, sai da na girma na gane ba kakana ne ya shigo ba.

Kakata ta fito da ƙoƙon ruwa da kanta. Ta fi kowa sanin ƙa'idar, shekara arba'in tana wanke rawanin nan. Amma ta ga leɓɓansa sun tsattsage. Ta ce, "Malam, ko kurɓi ɗaya." Ya tsaya ƙyam, hannuwansa a gefe. Ya ce, "Sarki ya ji abin da ya same ku. Ya ce a gai da uwar yaro. Ya ce a gai da uban yaro, a ce masa ya yi haƙuri."

Ba uban da zai amsa. Sai babana, babban ɗansa, ya durƙusa ya ce, "Uban yaro ya ji, ya gode. Allah ya ja zamanin sarki."

Nan kakana ya warware rawanin a hankali, ya miƙa wa babana, ya zauna a ƙasa dirshan. Ya karɓi ƙoƙon ya sha, sannan ya yi kukan da bai yi ba kwana uku. Dattijon unguwar gabas ne ya fara tashi ya zo ya gaishe shi, kuma har ya mutu ba a sake jin maganar rawani a bakinsa ba.

Wata biyu bayan isowar kwalin nan, wani tsoho ɗan ƙasarmu ya rasu a Glenwood, nan kusa da mu. Kirista ne, ya daɗe yana tuƙin bas a garin nan. Fada ta aiko wa ɗana ta'aziyya ta waya. Ya dawo daga aiki a gajiye ya ce, "Mama, bari in tura wa matar marigayin kawai, gobe ina da mitin."

Na ce, "Wayar aka naɗa, ko kai?"

Na zaunar da shi na ba shi labarin kakana sau ɗaya, ban maimaita ba. Ya ce to ai tuƙi a zaune ake yi. Na ce zaman mota tafiya ce, kada ya raina mini hankali. Washegari wani malami ya ɗaura masa rawanin, yana tuƙi rawanin na gogar rufin mota, jikata na dariya a baya.

Gidan ƙarami ne, cike da mutanen cocinsu, ga zafi kamar bazarar gida. Matar mamacin ta ja masa kujera, aka miƙo masa gorar ruwa mai sanyi, gumi na zubo masa ta ƙarƙashin rawani. Na zuba masa ido. Na ga hannunsa ya ɗan motsa wajen gorar. Sai ya mai da shi ƙirjinsa, ya tsaya. Ɗan nan nawa da ba ya iya jimla uku ba Turanci a ciki, ranar ko ɗaya bai saka ba. Ya faɗi abin da aka aiko shi, bai ƙara komai ba.

Matar ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ashe sarki ya san muna nan?"

An ce yanzu kogin namu yana da gada, mota na wucewa ko da damina. Mu kuma muka zo muka sa teku tsakaninmu da fada, ga shi dai har yau gidanmu ne ke tsayawa. A hanyar komawa ɗana ya ce, "Mama, na yi daidai?" Na ce masa rawaninsa ya karkace. Sauran kuwa ku na faɗa wa, kuma na ja kunnen jikata da ke rubuta wannan kada ta nuna masa.